Nazarin Lamari: Yadda Igiyar Tarkon Masunta Ta Cinye Uwar Wel Mai Lamba 3560

Ranar 21 ga Satumba 2022, masu binciken cibiyar New England Aquarium da ke sintiri a jirgin sama suka hango wata macen kifin wel kudu da tsibirin Nantucket, a gaɓar arewa maso gabashin Amurka. Ba baƙuwarsu ba ce. Lambarta a kundin rajista 3560, sunan da aka laƙaba mata Snow Cone, shekarunta 17. Igiya iri biyu take ja: tsohuwa wadda ta shekara ɗaya da rabi a bakinta, da sabuwa da ta sarƙe ta daga baya. Ta rame, ƙwarƙwatar ruwa masu ruwan lemo sun lulluɓe ta, da ƙyar take iyo. Masanan suka faɗa a fili cewa da wuya ta tashi. Tun daga ranar ba a sake ganinta ba.

Teku ta yi wa Kaduna nisa, amma duk wanda ke harkar su a Kogin Kaduna ko dam ɗin Kangimi, da ɗalibin kimiyyar halittu, da jami'in sashen kamun kifi, yana da abin ɗauka a nan. Igiyar roba da ragar nailan da ake saya a kasuwanninmu danginsu ɗaya da waɗanda suka kashe wannan dabba. Ga shi kuma da wuya a sami lamarin da aka bi diddiginsa irin wannan, domin kusan kowane wel na wannan jinsi an san shi da fuskarsa. Kowanne yana da kanta a kai da haɓa wadda tsarinta bai yi kama da na wani ba, da ita ake tantance shi a hoto.

Dabbar da hanyarta

Siffa ce kawai ta kifi. Wel da huhu yake numfashi, dole ya taso saman ruwa ya shaƙi iska, macen kuma haihuwa take yi ta shayar da nono. Jinsin da muke magana a kai shi ne wanda Turawa ke kira right whale na arewacin Atlantika, masana kuma ke kira Eubalaena glacialis. Babba yakan kai mita 15 a tsawo, nauyinsa ya kai tan 70. Mafarauta sun kusa ƙarar da shi kafin a haramta farautarsa a 1935. Ya farfaɗo a hankali har ya kai kusan 480 a 2011, daga nan ya juya ƙasa. Ƙiyasin 2023 bai wuce kimanin 370 ba, kuma matan da ke haihuwa a cikinsu wajen 70 ne. Wannan adadin na mata shi ne abin lura. Rasa mace ɗaya mai haihuwa a cikin 70 ba ƙaramin giɓi ba ne.

Ƙaurarsu ta shekara-shekara bin abinci ne da neman wurin haihuwa. Daga watan Nuwamba mata masu ciki sukan gangara kudu, tafiyar fiye da kilomita 1,600, zuwa ruwan jihohin Jojiya da Fulorida na Amurka mai ɗumi marar zurfi. A can suke haihuwa, kuma a can kusan babu abin ci, da kitsen jikinta uwa ke rayuwa tana shayarwa. Wajen Maris zuwa Afrilu sai su hauro arewa da 'ya'yansu zuwa mashigin Cape Cod a jihar Masacusets, daga can su ƙara gaba. Duk tafiyar a gefen gaɓa ake yin ta, daidai inda jiragen ruwa da masunta suka fi yawa.

Abincinsu wasu ƙananan halittun ruwa ne masu maiƙo, Calanus finmarchicus, da tsawonsu bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba. Shekara da shekaru wurin kiwon bazara shi ne Mashigin Fundy na Kanada da kewayensa, har a 2003 aka karkatar da hanyar manyan jirage a can domin kauce musu. Daga wajen 2010 ruwan Mashigin Mein ya yi ta ɗumama, abincin ya ragu, wel suka watse neman wani wuri. Daga 2015 aka fara ganinsu da yawa a Mashigin Sant Lorens na Kanada, inda ake kamun ƙaguwa da manyan tarkuna da igiya mai kauri, kuma babu wata doka da aka tanada dominsu. A 2017 aka tsinci gawa 17, guda 12 a ruwan Kanada, 5 a na Amurka. A kakar haihuwa ta 2018 ba a ga jariri ko ɗaya ba. Kariyar da aka shirya tana can tsohon wuri, dabbobin kuma suna sabo.

Yadda igiya ke kamawa

Tarkon lobsta, wato wannan babban jatan lande na teku, ɗan'uwan gurar da masuntanmu ke kafawa ne, sai dai na ƙarfe ne kuma a ƙasan teku yake zama. Ana jera tarkuna a kan igiya ɗaya ta ƙasa, daga 'yan kaɗan kusa da gaɓa zuwa arba'in ko fiye a ruwa mai zurfi. Daga ƙarshen jerin sai wata igiya ta miƙe tsaye zuwa saman ruwa, inda aka ɗaure mata gorar roba mai yawo, alamar da mai tarko zai gane kayansa ya jawo. Ba tarkon ne ke kama wel ba. Wannan igiya ta tsaye ita ce matsalar, kuma a tsakiyar kakar kamu akwai ɗaruruwan dubbanta a tsaye a hanyar da wel ke bi.

Wel na wannan jinsi ba shi da haƙora. Yana da matata, wasu dogayen falle-falle sama da 200 a kowane gefe da ke rataye daga muƙamuƙin sama, tsawon wasu ya wuce mita 2. Idan zai ci abinci sai ya wangale baki yana tafiya a hankali, ruwa na shiga yana fita ta matatar, abincin na maƙalewa. Yakan daɗe a haka, sau da yawa a ruwa mai duhu. Igiya ta shiga bakin, ta ratsa tsakanin fallayen. Da ya ji ta sai ya firgita ya mirgina, mirginawar nan kuma ita ke naɗe igiyar a kansa, da gindin fiffikensa, da ƙugun wutsiya. Idan tarkunan sun fi ƙarfinsa ya nutse cikin mintuna. Idan ya fi ƙarfinsu, wanda shi ne ya fi faruwa da manya, sai ya tsinka wani sashe ya tafi da sauran.

Daga tsakiyar shekarun 1990 masana'antu suka sauya yadda suke haɗa igiya, ta ƙara ƙarfi da juriyar gogayya. Ga masunci ci gaba ne, ga wel kuma munanan raunuka suka ƙaru daga lokacin. Tabon jikinsu ya nuna fiye da kashi 85 cikin ɗari sun taɓa sarƙewa aƙalla sau ɗaya, fiye da rabi kuma sun sarƙe fiye da sau ɗaya.

Abin da ya sami 3560

An haife ta a 2005. Haihuwarta ta fari ta zo a kakar 2019 zuwa 2020, namiji. A watan Yunin 2020 aka tsinci gawar ɗan a gaɓar Niyu Jazi, da saran farfela da ke nuna jirgin ruwa ya buge shi sau biyu a lokuta daban-daban.

A Maris 2021 aka gan ta kusa da Plymouth a jihar Masacusets, igiya ta ratsa bakinta tana jan ragowar a baya. Ayarin ceto na Center for Coastal Studies ya yanke kimanin mita 90. A watan Mayu ta isa Mashigin Sant Lorens, ayarin Campobello na Kanada ya ƙara rage wani sashe. Abin da ba wanda ya iya kaiwa gare shi shi ne naɗin da ke cikin matata da kan muƙamuƙin sama, inda igiyar ta riga ta nutse cikin nama. A duk wannan lokaci tana da ciki, domin cikin wel shekara guda yake yi.

Ranar 2 ga Disamba 2021 aka hango ta kusa da tsibirin Cumberland na Jojiya da sabon jariri a gefenta. Wato ta yi tafiyar nan tun daga Kanada da igiya a baka, ta haihu. Jaririn na ta shiga yana fita tsakanin igiyoyin da take ja. Masana suka yanke shawarar kada a taɓa ta, domin uwa mai sabon ɗa ba ta yarda a matso, kuma jirgi da wuƙa kusa da jariri na iya jawo asara biyu. A ganinmu shawarar daidai ce, ko da yake ita ce ta bar igiyar ta ci gaba da aikinta.

A Afrilu 2022 aka gan su tare a mashigin Cape Cod. Wannan ne ganin ƙarshe da aka yi wa ɗan. A watan Yuli an ga uwar a Kanada ita kaɗai, alhali ɗan wel yakan kusa shekara yana tare da uwarsa. Sai ganin Satumba, da sabuwar igiya a kan tsohuwa, sarƙewarta ta biyar ke nan aƙalla a iya abin da aka rubuta. Nisa da rashin kyawun yanayi suka hana masu ceto isa gare ta.

Me ya sa ceto bai wadatar ba

Aikin ceto yana da tsari. Da farko jirgin sama ya ɗauki hotuna a gane inda igiya ta bi da inda ya kamata a yanka. Sai ƙaramin jirgin roba mai inji ya matso ta baya, a jefa ƙugiya ta kama igiyar da dabbar ke ja, a mayar da ita igiyar riƙo. A kanta ake ɗaura manyan gorunan roba domin su rage mata gudu su hana ta nutsewa, dabarar da aka gada daga mafarautan da. Idan dare ya yi ko teku ta tashi, sai a ɗaura gora mai na'urar tauraron ɗan'adam a koma gida, a biyo ta wata rana. Yankan da wuƙa mai lanƙwasa ake yi, wadda kaifinta ke ciki, a bakin doguwar sanda. Ba a shiga ruwa ko kaɗan. Kuma ba a fara yanke igiyar da ke jan baya, domin ita ce kaɗai mariƙi. Mai kyakkyawar niyya da ya tarar da wel ya datse wannan igiya ya bar naɗin da ke kisa, ya kuma raba masu ceto da abin kamawa.

Wannan jinsi ya fi sauran wuyar ceto. Yana da ƙarfi, ba ya gajiya da wuri, kuma da ya ji jirgi kusa da kansa sai ya kauce, alhali a kan ne mafi munin naɗi yake. An gwada allurar kashe jiki, misali a 2011 a gaɓar Fulorida, aka samu aka cire igiya daga wata ƙaramar mace, amma ta riga ta jigata, bayan makonni kaɗan aka tsinci gawarta. Hatsarin bai tsaya kan dabba ba. Ranar 10 ga Yuli 2017 Joe Howlett, masunci kuma ɗaya daga waɗanda suka kafa ayarin Campobello, ya rasa ransa a Mashigin Sant Lorens lokacin da wel ɗin da ya gama kwancewa ya buge shi.

Ko da an yi nasara, ɓarnar ta riga ta auku. Awon da aka yi ya nuna igiya na ƙara wa wel nauyin jan ruwa kusan ninki ɗaya da rabi, idan kuma da tarko a jiki abin ya fi haka nesa. Kowane bugun wutsiya yana goga igiyar a wuri ɗaya, ta yanka fata, ta wuce kitse, wani lokaci har ƙashi. Ciwo ya ruɓe, matata ta lalace, ci ya ragu, kitse ya zube. Wanda igiya za ta kashe yakan yi kimanin wata shida yana wannan azaba. Macen da ta tsira kuwa sai ta mayar da kitsenta kafin ta sake ɗaukar ciki, shi ya sa tazarar haihuwa da a da take shekara 3 yanzu ta koma 6 zuwa 10. Wani bincike na 2021 ya gano wel ɗin da ake haifa yanzu sun gaza na farkon shekarun 1980 tsawo da kimanin mita ɗaya, kuma 'ya'yan uwayen da suka shayar da igiya a jiki suna cikin waɗanda suka fi tsumburewa. A kan wannan duka, gawar da ake gani kusan kashi ɗaya cikin uku ce kawai ta ainihin mace-macen. Snow Cone ma ba a ga tata ba.

Gyare-gyaren da aka gwada

Amurka ta wajabta igiyar ƙasa mai nutsewa a 2009, domin mai yawo takan yi baka tsakanin tarko da tarko ta kama dabba mai kiwo a ƙasa. Dokar 2021 ta ƙara wasu abubuwa, ciki har da waɗannan uku: a yawaita tarkuna a jeri ɗaya domin igiyoyin tsaye su ragu, a sa wa igiya launin da ke nuna jihar da ta fito, a kuma saka mata gaɓoɓi masu rauni da za su tsinke a nauyin fam 1,700, wato kimanin kilo 770. Wannan adadi daga binciken 2016 ya fito, wanda ya ƙiyasta cewa igiya mai wannan ƙarfi ko ƙasa da haka za ta rage sarƙewa mai kisa da kusan kashi 72 cikin ɗari.

Kowanne da aibinsa. Jeri mai tsawo ya fi nauyi, wanda ya faɗa masa ya fi shan wuya, kuma ƙaramin jirgi ba ya ɗaukarsa lafiya. Gaɓa mai rauni ba ta tsinkewa sai dabbar ta ja ta da ƙarfi a daidai wurin, jariri da ɗan shekara ɗaya kuwa ba su da wannan ƙarfi. A ruwa mai zurfi masunta na kukan igiyar na tsinke musu wajen jawo kaya, tarkuna su zauna a ƙasa.

Rufe wuri shi ya fi aiki, domin yana fitar da igiya daga ruwa gaba ɗaya. A Masacusets ana rufe yankin Cape Cod daga 1 ga Fabrairu zuwa aƙalla ƙarshen Afrilu, a ƙara kwanaki idan wel ba su tashi ba. Kanada ta ɗauki hanya mai bin dabbar: da an ga wel ko na'urar sauraro ta ji kukansa, sai a rufe kimanin murabba'in kilomita 2,000 na kwana 15, idan aka sake gano shi a tsakanin rana ta 9 da ta 15 a rufe wurin har tsakiyar Nuwamba. Wannan ya fi dacewa da dabbar da ta sauya hanya, sai dai wel ɗin da ba a gani ba ba a rufe masa komai.

Sai tarko marar igiyar tsaye. Igiya da gora suna ƙunshe a keji a ƙasa tare da tarkon, ko kuma a sa jaka mai kumbura. Mai jirgi ya zo ya aika sauti daga na'ura, kejin ya buɗe, gora ta taso. Fasahar na aiki. Cikas ɗinta kuɗi ne, dubban daloli ga kowane jirgi, da ƙarin lokaci a kowane ja, da kuma babbar matsala: tunda babu gora a sama, wani zai iya shimfiɗa jerinsa a kan naka ko mai jan raga ya kwashe maka kaya, sai dai idan kowa na sa alamar tarkonsa a taswirar kwamfuta guda da kowa ke gani.

Namu ruwan

Gaɓar Najeriya ma hanyar wel ce. Wel mai doro yakan taso daga ruwan Antatika zuwa Mashigin Gini tsakanin Yuli da Oktoba domin barbara da haihuwa, daga Gabon har Benin da Togo, a ruwan da ake shimfiɗa dogayen raguna masu bin igiyar ruwa. Hukumar kula da wel ta duniya na ƙiyasta cewa sama da wel da dabbobin dolfin 300,000 ke mutuwa kowace shekara a kayan kamun kifi. A kogunan Neja da Binuwai kuwa ayu ne ke faɗa wa raga, shi ma da huhu yake numfashi, idan raga ta riƙe shi a ƙasa nutsewa yake yi.

A Kogin Kaduna abin da ya fi kusa da mu shi ne kallin nailan da ya maƙale a dutse ko kututture lokacin cikar ruwa aka bar shi. Nailan ba ya ruɓewa kamar zaren auduga na da, yana nan yana kama kifi da kunkuru da tsuntsu ba mai amfana. Abubuwa biyu daga lamarin Amurka za su yi aiki a nan ba tare da kashe kuɗi ba: kowane masunci ya sa wa ragarsa da gorarsa alamar da Sarkin Ruwa ya sani, sannan idan ruwa ya janye da rani a fita a kwashe abin da ya maƙale.

Inda maganar ta tsaya

Kamun lobsta a jihar Mein kaɗai ya kawo sama da dala miliyan 700 a 2021, garuruwa da dama da shi suke ci. Hujjar masuntan jihar ta daɗe ita ce ba a taɓa danganta mutuwar wel ɗin nan da kayansu ba. A lokacin gaskiya ne, amma dalilin shi ne yawancin igiyar da ake cirowa ba ta da alamar da za a gane mai ita. A Disamba 2022, wata uku bayan ganin ƙarshe da aka yi wa 3560, majalisar dokokin Amurka ta dakatar da duk wata sabuwar doka kan kayan kamun lobsta har ƙarshen 2028.

A Janairu 2024 teku ta turo gawar wata ƙaramar mace mai lamba 5120 gaɓar tsibirin Martha's Vineyard na jihar Masacusets. An haife ta a 2021, an fara ganinta da igiya a wutsiya a Agusta 2022, tana girma igiyar na ƙara nutsewa cikin naman. Da NOAA, hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, ta duba igiyar sai ta sami alamar shunayya, launin da aka ware wa masuntan ruwan jihar Mein. Dakatarwar majalisa tana nan daram duk da haka. Abin da ake yi kafin 2028 shi ne gwaji: cibiyar binciken kifi ta NOAA na ara wa masunta tarkuna marasa igiyar tsaye, ana ba su izini na musamman su yi kamu da su a wuraren da aka rufe, ana rubuta sau nawa gora ta taso da sau nawa ta ƙi.